Littafin aljanu da tsafi ba na yara kaɗai ba ne

A Garuwa da Maruwa na ƙasar Kamaru ana yawan faɗa wa babba mai son komawa karatu cewa labaran aljanu, zoben tsafi da tsuntsu mai magana aikin yara ne, ya nemi tarihi ko littafin kasuwanci. Masu faɗin haka suna da hujja: irin waɗannan labarai aka saba ji a tatsuniyar dare, kuma wasu littattafan an karanta su a makarantu.

Amma wanda ya shekara goma bai riƙe littafi ba, abin da ya ɓace masa shi ne juriyar zama da shafi. Littafi mai nauyi a nan yake kayar da mutum. Labarin da ke sa ka so sanin abin da zai biyo baya shi ke maido da juriyar.

Ɗauki Magana Jari Ce na Abubakar Imam, mai kundi uku. A kundi na farko aku ne ke ba da labarai don ya hana ɗan sarki fita, kowane labari gajere, ana gama shi a zama ɗaya. A cikinsu akwai makircin waziri da sha'anin mulki, waɗanda sai babba ke gane zurfinsu. Bayansa a shiga Ruwan Bagaja, wani littafin Imam da ya fito daga gasar rubutu ta 1933.

Wanda ya yi makarantar Faransanci zai iya tuntuɓe da rubutun boko, musamman c da ƙ, ɗ, ɓ. Ya riƙa karantawa a bayyane, minti 15 bayan isha'i. Kunne zai gyara abin da ido ya kasa.