"Ko Ka San?": Ilimin Da Aka Yanke Wa Dalili

Duk mai wayar hannu ya san irin saƙon nan. Hoto mai kyau, rubutu layi biyu, a sama an rubuta "Ko ka san?" ko "Abin al'ajabi". Yau a ce maka zuciyar wani kifi ta kai girman mota, gobe a ce ɗan'adam kashi goma cikin ɗari na ƙwaƙwalwarsa kawai yake amfani da shi, jibi a ce raƙumi a tozonsa yake ajiye ruwa. Sai a yi ta "Allahu Akbar" da "mun ƙaru" a ƙasa, kafin la'asar ya zaga zauren 'yan uwa, na tsofaffin ɗalibai da na 'yan kasuwa.

Maganar raƙumin nan ita ta fi ba ni mamaki, domin mu ne mutanen da bai kamata a sayar wa wannan labari ba. Je ka mahautar Kano ko kasuwar dabbobi ta Agadas ka tambayi mahauci abin da yake samu idan ya tsaga tozo. Zai ce maka kitse ne, fari fat, ba ko ɗigon ruwa. Wanda ya taɓa tsayawa gaban mai tsire ya ce "a sa mini tozo" ya san abin da ke narkewa a bakinsa. Amma da wayar ta ce ruwa ne, sai mu ajiye abin da hannunmu ya taɓa, mu tura wa na gaba.

Abin haushin shi ne gaskiyar lamarin ta fi ƙaryar daɗi. Raƙumi ba tanki yake ɗauke da shi ba, iya tsimi ne da shi. Wani masanin halittar dabbobi, Knut Schmidt-Nielsen, ya zauna a saharar Aljeriya a shekarun 1950 yana auna raƙuma, ya gano cewa idan raƙumi na jin ƙishi yakan bar zafin jikinsa ya yi ta hawa, daga kusan digiri 34 da asuba har ya haura 40 da rana, maimakon ya yi gumi ya zubar da ruwa. Da dare ya yi sanyi sai zafin ya fice da kansa, kyauta. Hancinsa na tare laimar da ke cikin numfashin da zai fitar. Fitsarinsa kaɗan ne mai kauri, kashinsa busasshe. Yana iya rasa ruwan da ya kai rubu'in nauyin jikinsa bai faɗi ba, kuma idan ya samu rijiya ya zuƙe kusan lita 100 cikin 'yan mintoci. Shi kansa kitsen, tara shi da aka yi wuri ɗaya a gadon baya maimakon a shimfiɗa shi ƙarƙashin fata yana barin sauran jiki ya sha iska. Wannan duka ba zai shiga layi biyu ba, shi ya sa aka jefar da shi aka riƙe na bogi.

Ra'ayina a nan shi ne matsalar waɗannan saƙonni ba ta tsaya ga ƙaryar da ke cikinsu ba. Siffarsu ce matsalar. Ana kawo maka magana an yanke mata dalili, an yanke mata wanda ya auna, an bar maka mamaki zalla. Idan kuwa aka cire dalili, gaskiya da ƙarya kamarsu ɗaya a fuskar waya, ba ka da abin da za ka riƙe ka bambance su.

Ɗauki zancen katangar Sin da ake cewa ana hango ta daga duniyar wata. Tambaya ɗaya ta isa ta rusa shi: faɗinta nawa? Katangar doguwa ce, amma faɗinta bai wuce na titin mota ba, launinta kuma na ƙasar da ke kewaye da ita ne, wata kuwa yana nesa da mu da kusan kilomita 384,000. Yang Liwei, ɗan Sin na farko da ya je sararin samaniya a 2003, bai ma yi kusa da wata ba, kewaya duniya kawai ya yi, ya dawo ya ce bai gan ta ba. Haka zancen kashi goma na ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwa kusan kashi 2 ce cikin ɗari na nauyin jiki, amma tana cinye kusan kashi 20 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa. Wace gaɓa ce za ta ci wannan rabo alhali kashi 90 nata barci yake yi? Likitocin da ke duba masu shanyewar ɓarin jiki sun san ɗan wuri kaɗan ne zai lalace mutum ya rasa magana.

Waɗanda suka fi ba ni tsoro su ne na gaskiya da aka gutsure. "Zuma ba ta lalacewa." Haka ne, kuma akwai dalili: ruwan da ke cikinta kaɗan ne ƙwarai, ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, tana da ɗan tsami, don haka ƙwayoyin cuta ba sa iya yaɗuwa a cikinta. Wanda ya san dalilin ya san abubuwa biyu da katin bai faɗa ba. Na farko, zumar da aka tsarma wa ruwa, ko aka bar ta a buɗe cikin damina, za ta yi kumfa ta yi tsami. Na biyu, rashin yaɗuwa ba mutuwa ba ce. Akwai irin wata ƙwayar cuta da ke kwanciya a cikin zuma ba ta motsi, hanjin babba ya fi ƙarfinta, na jariri kuwa bai yi ƙwari ba, shi ya sa likitoci ke hana ba yaron da bai cika shekara ba zuma. Mai jegon da ta karanta layi biyun nan kawai, me ta ƙaru da shi?

Na san za a ce na cika tsanani. Abin nishaɗi ne, a cewarsu, wa ya mutu don ya yarda ana ganin katanga daga wata? Akwai gaskiya a ciki. Babu wanda ya mutu saboda katanga, kuma yara da yawa ta irin wannan ƙofa suka fara son kimiyya. Ba na cikin masu cewa a daina. Amma hannun da ya saba tura "ko ka san" ba tare da tambaya ba, shi ne dai hannun da ke tura saƙo ranar da abin ya zama na rai da mutuwa. A watan Agustan 2014, lokacin cutar Ebola, saƙo ya zaga Najeriya cikin dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha. Mutane suka tashi 'yan uwansu da tsakar dare. An kwantar da mutane a asibiti, aƙalla biyu suka rasu. Ba mugaye ne suka yaɗa shi ba, masu ƙauna ne da ba su saba cewa "ta yaya gishiri zai kashe ta?" ba.

Kuma abin kunya ne a ce mu ne muka kasa wannan tambaya. Ɗan makarantar Islamiyya ya san ba a karɓar hadisi sai an ji wa ya ruwaito, daga wa, kuma shi wane ne. Malamanmu sun ƙarar da rayuwarsu suna tantance masu ruwaya. Sai ga shi da zarar magana ta zo da hoton tauraro da sunan "masana kimiyya", isnadi ya tafi hutu.

Ga wani da ya shafe mu kai tsaye, wanda yakan zo a layi ɗaya: "Ƙurar Sahara ce ke ciyar da dajin Amazon na Kudancin Amurka." A karanta, a ce ikon Allah, a wuce. Alhali ƙurar nan ita ce hazon da ke rufe Kano da Damagaram da hunturu, ta sa jiragen sama su kasa sauka, leɓe ya tsage. Kaso mai yawa nata daga wani kwari yake tasowa a arewacin Chadi, ana kiransa Bodele, inda iska ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ta fito da ƙarfi. Kwarin nan gindin tafki ne da ya ƙafe. Shekaru kusan 7,000 da suka wuce Tafkin Chadi ya haura murabba'in kilomita 300,000, kuma tudun yashin da ya bi ta Maiduguri zuwa Bama tsohon bakin gaɓarsa ne. Farar ƙurar da kake gogewa a gilashin mota, cikinta har da ɓawon ƙananan halittun ruwa da suka rayu a tafkin. A 2015 masu bincike na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, suka ƙiyasta cewa kusan tan miliyan 28 na ƙurar Sahara ke sauka a Amazon duk shekara, ɗauke da kusan tan 22,000 na sinadarin fosforas, takin da tsirrai ke buƙata, wanda ruwan sama ke wanke wa dajin.

Da ka san akwai tafki, sai wani labarin ya zauna daidai. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da itace mai tauri. Da aka tono shi a 1994, da hannun masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt, sai ga kwalekwale mai tsawon mita 8 da 'yan kai, shekarunsa kusan 8,000, mafi tsufa da aka sani a Afirka. A katin "ko ka san" wannan abin mamaki ne kawai, jirgin ruwa a busasshiyar ƙasa. Ga wanda ya san tarihin tafkin, amsa ce. Af, kuma a 2020 wasu masu binciken suka fito suka ce yawancin ƙurar da ke isa Amazon daga yankin Muritaniya da Mali take fitowa, ta Bodele kan zube a hanya. Masana na ci gaba da muhawara, katin kuwa yana nan yana yawo yadda aka rubuta shi tun farko.

Laifin da nake gani ya fi yawa a kan masu manyan shafuka, da wasu shirye-shiryen rediyo da ke cike gurbi da irin wannan. Yawanci daga shafukan Turanci ake kwasowa a juya zuwa Hausa cikin gaggawa, shi ya sa za ka ga labarin dabbar da ba mu taɓa gani ba sau goma kafin ka ga na rimi ko na gawo sau ɗaya. Ba sai sun zama farfesoshi ba. Layi uku kawai za su ƙara: me ya sa haka, wa ya auna, yaushe. Idan mai shafi ya nemi waɗannan ya rasa, ya riga ya samu amsar ko ya dace ya wallafa.

Kowa a ƙasar Hausa ya san ruwan randa ya fi na bokiti sanyi. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa wanda ya tashi a gidan maginan tukwane, bai tsaya nan ba. Ya san ruwa ne ke tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, ya tafi da zafin. Sai ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Yalon da ke yaushi cikin kwana uku ya kai kusan wata guda, tumatir da tattasai suka yi makonni, babu lantarki. A 2000 aka ba shi lambar yabo ta Rolex. Dalilin da ya sa tukunyar ke aiki shi ne kuma ya nuna iyakarta: sai iska ta bushe take sanyaya, don haka a Dutse da bazara tana yi, a Legas ko cikin tsakiyar damina kuwa sanyin kaɗan ne.