Kuɗin shiga muka biya, tsatsa muka tarar

Tun ƙarshen watan Yuli da aka rufe makarantu, babu safiyar da yarana uku ba su tare ni a zaure da tambaya ɗaya ba: "Baba, yaushe za ka kai mu yawo?" Babbansu yana da shekara 7, mai bi masa 5, autar kuwa ba ta cika 3 ba. Dogon hutu a wurinmu yakan faɗo ne a tsakiyar damina, lokacin da markar Agusta take mayar da lungunan Tudun Wadar Zariya taɓo, kwatoci su cika su tumbatsa, sauro ya samu gari. Filayen da muka buga ƙwallo a cikinsu muna yara duk an yanka su fuloti an kafa shaguna, saboda haka yaro ba shi da wurin gudu sai tsakar gida, ba shi da abin ɗebe kewa sai wayar uwarsa, ita ma in an kawo wuta an yi caji.

Ranar wata Asabar da gari ya ɗan washe, na ce to yau dai za a cika alkawari. Uwarsu ta yi musu wanka, ta sa musu kayan Sallah, muka tari keke muka nufi wani wurin wasan yara da ake ta tallarsa. A bakin ƙofa aka karɓi naira 1,000 a kan kowane mutum, har da autar da ke goye a bayan uwarta, wadda ko tsayawa a kan lilo ba ta iya ba. Na biya ban yi musu ba, domin ba a jayayya a gaban yara ranar da suke murna. Sai da muka shiga muka gane cewa kuɗin ƙofa na kallo ne kawai, kowane abin hawa da nasa tikitin daban, kuma babu wanda ya faɗa mana haka kafin kuɗi ya bar hannunmu.

Na sayi tikitin ƙaramin jirgin da ke zagayawa a kan dogo, yara suka hau suka zauna suna ɗaga mana hannu. Minti goma, minti ashirin, jirgi bai motsa ba. Na tambayi saurayin da ke kula da shi, ya ce mini, ko ɗago kai daga wayarsa bai yi ba: "Alhaji, an ɗauke wuta, kuma ba mai a inji." Na ce to a mayar mini da kuɗina, ya ce wannan sai oga, oga kuma ba ya nan. Wato sun san babu wuta, sun san janareto babu mai, amma mai sayar da tikiti yana zaune yana ta yagar takarda yana karɓar kuɗin mutane. Wannan a Hausa ba shi da wani suna sai cuta.

Muka koma wajen lilo, tunda shi ba ya bukatar wuta. Sarƙar guda an ɗaure ta da waya, kujerar ɗaya ta tsage, a ƙarƙashinsu kuma ruwan sama ya kwanta har ya yi kore. Abin zamewar da na tsakiyan ya hau ƙarfe ne da tsatsa ta cinye bakinsa, yana saukowa ya yanke shi a ƙauri, jini ya ɓata farin wandon da uwarsa ta goge da safe. Na nemi ko auduga da man wanke ciwo, aka ce babu. Wuri ne da aka buɗe musamman domin ƙananan yara, waɗanda kowa ya san faɗuwa da ƙujewa su ne abincinsu, amma babu akwatin magani ko guda, babu ma'aikaci ɗaya da ya san abin da zai yi. Banɗakin kuwa ba zan ɓata wa mai karatu rai da bayaninsa ba. Uwar yara ta leƙa ta juyo, ta ce gara a riƙe har gida. La'asar ta yi, babu ruwan alwala, babu ko tabarma. Muka fita muka wuce kemis, aka wanke ciwon aka yi masa allura, kuɗin ya zarce abin da muka kashe a ƙofa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wannan duk a Zariya yake faruwa, garin da ba ya rasa abin nuna wa yaro. Muna da ganuwa da ƙofofinta, daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana. Muna da dutsen Kufena, muna da labarin Sarauniya Amina da ake koya wa yaran Legas a aji. Muna da babban masallacin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, wanda masana gine-gine suke tasowa daga Turai su yi nazarinsa. A nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, a nan aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma kullum ƙananan jiragen makarantar koyon tuƙin jirgin sama suna shawagi a kanmu, yarana suna fita da gudu suna nuna su da yatsa. To amma ka ɗauki ɗan shekara 5 ka kai shi gindin ganuwa, me za ka nuna masa? Inda ruwa bai cinye ba, an haƙe ƙasar an yi gini, inda ba a haƙa ba an mayar da shi bola. Babu inuwar zama, babu allon da ke bayani, babu mai yi wa yaro jagora. In ka cire hawan Sallah a Ƙofar Fada, wanda shi ma sau biyu ne a shekara kuma turmutsutsunsa ba na mai goyo ba ne, babu wani abu da aka tsara da tunanin cewa a garin nan akwai ƙananan yara.

Wasu za su ce a tafi Kaduna ko a kai su gidan zu na Kano. Masu faɗin haka ba su sayi mai ba tun 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafi. Kaduna kusan kilomita 80 ce, Kano ta fi haka nisa, ga kuɗin mota na mutum biyar zuwa da dawowa, ga abinci, ga fargabar kada dare ya riske ka a hanya da iyali. Ma'aikacin da albashinsa ke ƙarewa kafin 20 ga wata, wanda kuɗin makarantar Satumba ke jiransa, ba zai iya ba. Shi ya sa da yawa daga cikinmu muke mayar da yara lesin hutu, ba don sun gaza a karatu ba, sai don a samu inda za a ajiye su daga safe zuwa azahar.

Bayan kwana biyu na koma wurin ni kaɗai da tikitin jirgin guda uku a aljihu, na nemi ganin mai wurin domin in nuna masa ƙarfen da ya yanki ɗana. Aka ce oga ya yi tafiya. Ƙarfen yana nan yadda yake, wata yarinya tana hawansa, mai tikiti kuma ya nuna mini ƙaramin rubutun da ke ƙasan takardar: ba a mayar da kuɗi. Da na dawo gida, yaron ya taro ni da bandeji a ƙafa yana tambaya ko an kawo wuta a wurin jirgin.