Samarin Giwa, Ku Daina Kiran Iyayenku Butulai

Ranar Asabar da ta wuce na je suna a wani gida a Aboabo, cikin Zangon Kumasi, kuma abin da na gani a ƙofar gidan ne ya sa na zauna rubuta wannan nasiha zuwa ga ƙannena da 'ya'yana, samarin jam'iyyarmu ta NPP mai tambarin giwa a nan Gana, musamman waɗanda muke tare da su a reshen Nasara na mutanen Zango. An shafa fatiha, an raba goro, mutane suna zaune a kan benci ana shan koko da ƙosai, sai hira ta gangara kan zaɓe kamar yadda ta saba tun ranar 7 ga Disamba 2024. Wata dattijuwa da ta haura shekara sittin, wadda ta daɗe tana sayar da shinkafa da wake a bakin titi, ta ce ita dai sau biyu ta dangwala wa giwa, a 2016 da 2020, amma a wannan karon ta zauna a gida, domin kuɗin da a da yake saya mata awo uku na wake ya koma ba ya sayen ɗaya. Ba ta zagi kowa ba, ba ta ambaci sunan kowa ba. Sai wani yaro da bai wuce sa'ar jikanta ba, da hular jam'iyya a kansa, ya miƙe ya nuna ta da yatsa ya ce: "Hajiya, ai ku ne butulan. An kai 'ya'yanku makaranta kyauta, an ba ku ɗan'uwanku Musulmi, kuka yar da shi. Za ku gani a ƙwaryar cinku." Ta ajiye kofin kokonta a kan bencin ko rabi ba ta sha ba, ta gyara mayafinta, ta ce masa, "Ɗana, Allah ya shirye ka," ta tafi ko goronta ba ta ɗauka ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne akwai manya huɗu ko biyar a wurin, har da ni, kuma kafin ɗayanmu ya buɗe baki ta riga ta sha kwana.

Wannan kalma ta butulu ita ce ta cika bakin samarinmu tun da aka faɗi sakamako. Ina jin ta a majalisar shayi, ina ganin ta a Facebook da rukunonin WhatsApp, na ma ji ta daga bakin wani a harabar masallaci bayan sallar Juma'a. Ana cewa mutanen Zango butulai ne, mutanen Arewa sun ci amanar ɗansu, 'yan Gana ba su san mai ƙaunarsu ba, wasu har suna addu'ar a sha wuya a shekaru huɗu masu zuwa don talaka ya gane kurensa. Wanda yake yi wa ƙasarsa fatan wahala don kawai jam'iyyarsa ta faɗi, ina so ya tambayi kansa a wace kasuwa mahaifiyarsa take cefane.

Mu duba alƙaluman da hukumar zaɓe ta bayar kafin mu zagi kowa. John Mahama na jam'iyyar NDC mai tambarin lema ya samu sama da kashi 56 cikin ɗari, ɗan takararmu Dokta Mahamudu Bawumia ya samu kashi 41 da ɗoriya, tazarar ta haura ƙuri'a miliyan ɗaya da rabi. A majalisa mai kujeru 276 ko 90 ba mu kai ba, mu da muka yi kunnen doki da NDC a 2020, kowa yana da 137. Amma abin lura yana wani wurin. A 2020 Nana Akufo-Addo ya samu ƙuri'a kusan miliyan 6.7, a 2024 kuma ɗan takararmu bai kai miliyan biyar ba, alhali abin da Mahama ya ƙara a kan ƙuri'unsa na baya bai kai ko kusa da abin da muka rasa ba. Fitowar masu zaɓe ta faɗo daga kusan kashi 79 zuwa kimanin kashi 61. Ma'ana dai mutanenmu ne, waɗanda suka saba tashi da asuba su kama layi saboda giwa, suka zauna a gida kamar wannan dattijuwa, har a nan yankin Ashanti da muke taƙama da shi. Idan su ne butulan, to mun zagi kusan mutum miliyan biyu da hannunsu ya taɓa ɗora mu a kan mulki, kuma su ne dai za mu koma muna roƙo a 2028. Baki shi ke yanka wuya, magana kuma zarar bunu ce.

Hausawa suna cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Bari mu sauko daga kan namu tudun mu dube shi. A watan Disamba 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari, a watan ne kuma ƙasa ta dakatar da biyan mafi yawan bashin da ake bin ta a waje. Lokacin da muka karɓi mulki a farkon 2017 dala ɗaya sidi huɗu ce da 'yan kai, kafin ranar zaɓe ta kewaya sidi goma sha biyar. Mun ɗora haraji a kan tura kuɗi ta waya a 2022, harajin da kowa ya sani da E-levy, a kan mai kayan miya da ɗan kaya da yarinyar da take aika wa uwarta kuɗin magani a ƙauye. Mun ce ba za mu je wajen Asusun Ba da Lamuni na Duniya ba, muka je, aka amince mana da bashin dala biliyan uku a watan Mayu 2023. Tsofaffi 'yan fansho da suka zuba gumin rayuwarsu a takardun lamunin gwamnati sun yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi a Ankara, babban birninmu, har tsohuwar babbar mai shari'a Sophia Akuffo ta je ta zauna tare da su da kwalinta a hannu. Tun a watan Oktoba 2022 'yan majalisarmu da kansu suka fito suka nemi a sauke ministan kuɗi Ken Ofori-Atta, ba a saurare su ba sai a watan Fabrairu 2024, bayan ruwa ya riga ya ƙare wa ɗan kada. Kogin Pra da Offin sun koma kamar kunun kanwa saboda haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, wato galamsey. Duk wannan a gaban idon Hajiya mai shinkafa da wake aka yi shi, kuma a tukunyarta ta ji shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yaron da ya nuna ta da yatsa bai taɓa zuwa kasuwar Kejetia da jarinsa a ƙulle a bakin zane ya ga bai isa ba.

Ban ce ba mu yi aiki ba, kuma ba zan taɓa faɗar haka ba. Karatun sakandare kyauta da aka fara a watan Satumba 2017 ya shigar da yaran Zango da yawa aji, har da 'ya'yan ƙanwata biyu da na san ba don shi ba da tuni suna talla. An kafa ma'aikatar raya unguwannin Zango da asusunta a 2017, abin da ba a taɓa yi mana ba. Ina alfahari da waɗannan har gobe. Sai dai da kuɗin harajin jama'a aka yi su, kuma wanda aka yi wa aiki da dukiyarsa bai zama bawan wanda ya yi aikin ba. Addininmu ya hana gori, Alƙur'ani ya ce kada mu ɓata sadakokinmu da gori da cutarwa, to ina ga abin da ba sadaka ba ne, haƙƙin mutane ne aka ba su? Duk ranar da kuka ce wa uwa "an kai ɗanki makaranta kyauta" cikin sigar gori, kun rage darajar aikin a idonta, kun kuma ba abokan hamayya abin da za su dake mu da shi.

Wanda ya fi muni shi ne shigar da addini cikin zagin. Na ji samari suna cewa duk Musulmin da bai zaɓi Bawumia ba munafuki ne. Wa ya ba ku wannan hukunci? Ni ma na so in ga Musulmi na farko a kujerar shugaban ƙasa, na yi yawo gida gida saboda hakan, na kuma ji zafin faɗuwar har cikin ƙashina. Amma ƙasar nan ta zauna lafiya ne saboda ba mu saba auna imanin mutum da ƙuri'arsa ba. Babban Limamin ƙasa, Shaikh Usman Nuhu Sharubutu, wanda ya haura shekara ɗari a duniya, ya shiga cocin Katolika a Ankara a 2019 don ƙarfafa zumunci, kuma 'yan giwa da 'yan lema duk a tabarmarsa suke durƙusawa. Mahaifin Bawumia kansa, Alhaji Mumuni Bawumia, ya shugabanci majalisar ba shugaban ƙasa shawara a zamanin mulkin Rawlings na NDC. Ashe za ku kira shi me? Shi kuwa ɗan takarar namu, da safiyar Lahadi 8 ga Disamba, tun hukumar zaɓe ba ta sanar da komai ba, ya fito ya ce ya kira Mahama ya taya shi murna, ya kuma amince da hukuncin jama'a. Wanda aka kayar ya haƙura ya yi magana cikin mutunci, ku 'yan rakiya kun fi shi jin zafi, kuna zagin mutanen da shi bai zaga ba.

Kuma ku da kuke cewa Zango ta ci amana, da kun san tarihi da kun sassauta harshe. Kakanninmu suna cikin wannan gida tun tushensa: jam'iyyar Musulmi ta MAP tana cikin waɗanda suka haɗu suka kafa jam'iyyar UP, wadda NPP ta gada, a 1957, kuma a shekarar ce gwamnatin Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba na Zangon Kumasi daga ƙasar saboda yana tare da 'yan hamayya. Sai ga shi a watan Nuwamba 1969 gwamnatin Busia, wadda muke kira tamu, ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su bar ƙasa, aka loda mutane a manyan motoci zuwa Najeriya da Nijar da Togo, har da waɗanda a nan aka yanke musu cibiya. Akwai gidaje a Zango da har yau ba su manta da gidan da aka sayar da araha ba, ko ɗan'uwan da ya tafi bai dawo ba. Shekaru da yawa aka kwashe ana lallashi kafin wannan miki ya fara warkewa. Marigayi Alhaji Aliu Mahama ya yi shekara takwas yana mataimakin Shugaba Kufuor yana bin zanguna ɗaya bayan ɗaya, reshen Nasara ma don wannan aikin aka kafa shi. Abin da dattawa suka ɗinka da allura cikin shekara talatin, ku kuna yaga shi da waya a dare ɗaya. An bar jaki ana dukan taiki.

Muna kiran kanmu masu ra'ayin riƙau, magadan Danquah da Busia da Dombo, masu mutunta sarauta da iyali da dattako. To wane riƙau ne ya rage ga yaron da yake nuna wa tsohuwa yatsa a gidan suna? A lokacin da muke tasowa, yaro ba ya wuce babba yana zaune sai ya cire takalmi ya rusuna, kuma idan ya yi rashin kunya a titi, duk dattijon da ya gani yana da ikon tsawata masa kafin labari ya kai gida, ubansa kuma godiya zai yi. Na ga lokacin da ɗan giwa da ɗan lema suke musu har jijiyar wuya ta tashi, ana kiran sallar Magariba su tsaya a sahu ɗaya, bayan sallah su ci tuwo a kwano ɗaya. Yanzu kuwa yaro ya kwana yana cacar ƙwallo a waya, ya wayi gari a ƙofar gidan ɗan siyasa yana jiran a miƙo masa na kati, wasu kuma sun haɗa da ƙwayar tramadol, sa'an nan shi ne zai koya wa uwar wani ma'anar godiya. Laifin ba nasu ba ne su kaɗai. Mu manya muka ba su riga da hula da ɗan abin sawa a aljihu, muka koya musu ihun Kukrudu, taken jam'iyyarmu, ba mu zaunar da su mun koya musu yadda ake faɗuwa zaɓe ba. Shirun da muka yi a ƙofar gidan sunan nan yana cikin laifin.

Jam'iyyar nan ta sha faɗuwa. Farfesa Adu Boahen ya faɗi a 1992, Kufuor ya faɗi a 1996 ya ci a 2000, Akufo-Addo ya faɗi a 2008 da tazarar da ba ta wuce ƙuri'a dubu arba'in da 'yan kai ba, ya sake faɗuwa a 2012, ya je Kotun Ƙoli, da ta yanke hukunci a watan Agusta 2013 ya ce bai gamsu ba amma ya karɓa, sai ga shi a 2016 ya ci da tazarar kusan miliyan ɗaya. Mahama ɗin da ya kayar da mu yau shi ma sau biyu yana shan ƙasa. Babu ɗaya daga cikinsu da ya dawo ta hanyar zagin masu zaɓe. An kafa kwamiti ƙarƙashin Farfesa Mike Oquaye, tsohon shugaban majalisa, don a binciki dalilan faɗuwarmu, kuma ina fatan an faɗa masa gaskiya, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Amma ba kwamiti ne zai gyara harshenku ba. Ku rage surutu, ku yawaita sauraro, ku koma gaida mutanen da kuka daina gaisarwa tun watan Disamba 2024, ku bar kalmar nan ta butulu ta fita daga bakinku gaba ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, bangonmu kuwa da hannunmu muke ƙara tsaga shi kullum.

Ranar Litinin da sassafe na je wurin sana'ar Hajiya na durƙusa na ba ta haƙuri a madadin yaron da kuma a madadin mu da muka yi shiru. Tana cikin zuba wa wani ɗan makaranta abinci a ganye, ba ta ɗago ba sai da ta gama, sa'an nan ta ce mini, "Alhaji, ni ba zagin ne ya dame ni ba, uwarsa a hannuna ta girma." Na aika wa yaron saƙo ta hannun kawunsa cewa ina jiransa bayan sallar Asuba mu tafi wurinta tare. Yau kwana uku ke nan ina zama a ƙofar masallaci har rana ta fito, bai zo ba tukuna.