Tsofaffin direbobin manyan motoci suna ƙarewa, da iliminsu suke tafiya

Idan tsohon direban babbar mota ya rasu, abin da ake faɗa a wurin zaman makoki bai wuce "Allah Ya jiƙan Baba, ya sha hanya" ba. Wallahi an rage masa. Mutumin da ya yi shekara 30 ko 40 yana ɗauko hatsi daga Dawanau, ko shanu, ko kwandunan tumatir, ya bi Zariya, Kaduna, Tegina, Mokwa, ya haye gadar Jebba, ya ratsa Ilori da Ibadan har Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000, ya kuma dawo da motar mutane lafiya, malami ne a fanninsa.

Da yaron mota ya fara: wanki, ɗaurin tanfol, gudu da weji, wato katakon tokare taya, a hawa. Sai ya shekara da shekaru kafin maigidansa ya bar shi ya taɓa sitiyari, kuma abin da ya koya a lokacin shi ya riƙe shi.

Bayan sallar asuba ba ya tayar da mota sai ya zagaya ta. Baƙin mai da ruwan lagireto yake fara dubawa tun inji na da sanyi, domin buɗe murfin lagireto da zafi ƙonewar fuska ne. Sai ya bi tayoyi ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa da ƙarfe. Mai iska tana amsawa tas, wadda ta sace kuwa sautinta a mace yake. Tayoyin baya bibbiyu ne, in ɗaya ta sace ido ba ya gani, 'yar'uwarta ce za ta ɗauki nauyin duka, ta yi zafi, ta fashe ana tsakiyar gudu. Zai cire dutsen da ya maƙale a tsakaninsu, ya taɓa notuna, ya buɗe ƙasan tankin iska ruwan da ya taru ya zube don kada tsatsa ta ci hanyar birki. Ba ya motsawa sai agogon iska ya cika.

A gangara ake sanin direba. Ƙa'idar tsofaffi ita ce giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauka, inji ya riƙe maka mota. Yau yaro zai cire giya don tsimin gas, ya dogara da birki kaɗai da lodi fiye da ƙima a bayansa. Birki ya ɗau zafi, ya fara wari, ya daina kamawa. Ya rikice yana dannawa yana saki, iskar ma ta ƙare. Gobe a ce birki ne ya ƙwace, alhali tun daga saman tudu aka yi kuskuren. Haka barci: tsoho in ya ji idonsa ya yi nauyi, fakawa yake a Marabar Jos ko Tafa ya kwanta, sannu ba ta hana zuwa. Goro da shayi ne iyakarsa, ba ƙwaya ba.

Gida kuwa, kafin ya tafi ya bar kuɗin cefane na mako biyu. Zamanin da babu wayar hannu, ta bakin direban da ya riga shi juyowa iyali ke jin lafiyarsa. Ya dawo da doya da manja da kwakwa, har maƙwabta su samu. Da wannan sitiyarin aka biya kuɗin makaranta, aka aurar da 'ya'ya, aka riƙe marayun dangi.

Abin da ke ci min rai shi ne ƙarshensu. Ido ya raunana, baya ya riƙe, mai mota ya karɓi makulli, shi ke nan, yawancinsu babu fansho babu sallama. Ƙungiyar masu motocin sufuri, NARTO, da ta direbobi da ma'aikatan sufuri, NURTW, za su iya ware wani abu daga kuɗin lodi domin maganinsu. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC kuma ta ɗauko waɗanda suka rage, ta biya su, su zauna da duk matashin da ke neman lasisin babbar mota.