Ranar da na mayar da ɗan tsuntsu ƙawar uwarsa

Tunda na samu kyamara mai zuƙowa na ɗauki kaina masanin tsuntsaye, ƙa'idata ɗaya ce tal: mai kwalliya namiji, mai ruwan ƙasa mace, shikenan an gama karatu.

Rannan na ɗauki hoton gwara biyu baki da baki, duk ruwan ƙasa, ba mai baƙin maƙoshi irin na namiji, sai na rubuta a ƙasa wai ƙawaye biyu suna gulma, na tura wa wani abokina da ya daɗe a harkar. Wlh muryar da ya turo min rabinta dariya ce. Wai malam zuƙo hoton ka kalli gefen bakin na hagun, ka ga wannan rawayan mai taushi kamar leɓe? Yaro ne, bai daɗe da barin sheƙa ba, ga wutsiya guntuwa, ga fikafikai a sake yana karkaɗa su yana roƙo, uwarsa ce ke ɗura masa. Gulmar da na gano ashe ciyarwa ce.

To ni kuma idan na koyi abu sai na wuce gona da iri. Na koma folda na bi duk wanda na rubuta wa mace na goge na sa yaro, har wani kabare da na ɗauka bayan sun gama hayayyafa. Ya ce a'a, wannan ma yana iya zama ƙaton namiji, idan lokacin aure ya wuce sai ya zubar da baƙin kan nan da rawaya mai walƙiya ya koma kalar matan. Kai jama'a, wato ruwan ƙasa ɗaya mutum uku ke sawa!

Na ce bari in rama da shaho, biyu a reshe ɗaya, na nuna babban na ce ga maigida. Ya ce ai a yawancin shahuna macen ce ta fi girma.

Yanzu na buɗe sabuwar folda na sa mata suna "Allah masani", hotuna 214 ne a ciki, ɗaya ma da na zuƙo sosai jiya busasshen ganye ne.