Kantar ajiye jita huɗu ta fi albashin wata

Jiya na koma wurin kafinta karo na biyar a kan aikin da yaron shago zai gama tsakanin azahar da la'asar. Kanta ce kawai ta jera akwatunan jita. Sanda biyu a ƙasa da akwatin zai zauna a kai, sanda ɗaya a sama da zai jingina, sai 'yan turaku a tsakani don kada wannan ya faɗa kan wancan. A ɗaga ta daga ƙasa kamar taƙi ɗaya saboda laima da gara, a liƙa guntun kafet inda akwati ke gogar katako. Ba ƙofa, ba madubi, ba makulli. Da hannuna na zana masa a bayan takardar kalanda, har da awo.

Abin da ya kai ni shi ne jita huɗu da na tara cikin shekara goma sha biyar, duk a tsaye a lungun ɗaki kamar masu jiran layin mai. Bara da damina ruwa ya biyo bango ya jiƙa gindin akwati biyu, sai da suka yi fumfuna. Watan jiya autana ya bi ƙwallo ya ture ɗaya, ta ja sauran, wuyan wadda na fi ji da ita ya tsage. Uwargida ta ce ko in nema musu muhalli ko ta kai su ɗakin kaji. Na duba na ƙasar waje a intanet, na lissafa dala da kuɗin jirgi da na kwastan, na kashe waya na yi salati.

Muka yi ciniki da kafinta a kan dubu 45, na ba da kafin alƙalami dubu 25. Ya ce in zo ranar Asabar. Asabar uku ta wuce.

Jiya na same shi zaune a kan benci yana cin gyaɗa, yaransa uku suna goge wani ƙaton gadon amarya. Na yi sallama, ya amsa bai ɗago ba. Na ce, "Oga, barka da aiki. Na zo ɗaukar kantata."

Ya tauna, ya hure ɓawo, sannan ya ce, "Wace kanta?"

Na ce ta jita. Sai ya juya wajen yaransa, ba wajena ba, ya ce, "Kun ji, mai gadon garaya ne ya dawo." Suka kwashe da dariya. Ɗaya har da ajiye samfefa don ya ji daɗin dariyar da kyau.

Na haɗiye. Na ce, "Oga, alƙawari muka yi."

Ya miƙa ƙafa ya zunguri wasu katakai a ƙarƙashin tebur. Farin katako ne ɗanye, irin wanda in ka danna farce yake shiga, guda har ya fara lanƙwasa tun ba a buga masa ƙusa ba. Na ce ai busasshen jan katako muka yi magana, wannan kafin hunturu ya fita ya murɗe, gara kuma ta yi walima. Ya ce, "Malam, da dubu arba'in da biyar kake son madaci? Je ka kasuwar katako ta Na'ibawa ka tambayi kuɗin tu-bai-fo guda ɗaya ka dawo mu yi magana. In jan katako kake so, dubu 75 ne, ban da banish."

Na ce to me ya sa bai faɗa ba ranar da ya karɓi kuɗina? Ya ce, "Ranar ai ba yau ba ce."

Ka ji ilimi. Ranar ba yau ba ce. Ya kamata a rubuta wannan da ruwan zinare a rataye a ƙofar kowace kasuwa.

Na ce to a ba ni kuɗina. Nan ne ya ɗago ya dube ni sosai, tun daga takalmi har hula, ya ce, "Kuɗi sun shiga aiki. Kai ma banda neman suna, mutane na neman abin da za su kai baka, kai kana neman inda kayan kiɗa za su kwanta? Ka buga ƙusa a bango ka rataye mana. Ko ka sayar da biyu ka huta."

Wallahi na tsaya ina kallon gadon amaryar nan, mai kan da ya kusa taɓo rufin kwano, da fitilu a jiki. Shi ba almubazzaranci ba ne. Ni da nake son kāre abin da nake ciyar da 'ya'yana da shi, ni ne mai neman suna. Da zartonsa na ce ya rataye a ƙusa ruwa ya dake shi, da ya ce na raina sana'a. Amma makaɗi ai ba sana'a gare shi ba a garin nan. A kira ka biki ka kwana kana kaɗawa, a yi rawa har a yar da ɗankwali, gari na wayewa ka koma maroƙi. Wanda ya sa waƙarka a kiran wayarsa shi ne zai hana ka 'yarsa.

Kuma ba yau farau ba. Wani ya taɓa cinye min kuɗin teburin ɗora lasifika ya sauya shago. Wani ya yi min akwati da filawud ɗin da ya ɗaye kamar albasa cikin wata biyu.

Da na huce a cikin adaidaita sai na ga ina dukan taiki ne na bar jaki. Mutumin ba shi da kunya, amma bai yi ƙarya a kan farashi ba. Tun 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, katakon da muke amfani da shi kuwa tirela ce ke hauro da yawancinsa daga kudu. A watan Yuni aka saki naira, dalar da take wajen 460 a hukumance ta wuce 1,500 a 2024, sai ƙusa da gam da banish suka bi ta. Wuta babu, injin yankan katako sai da janareto. Aka zo aka yanka mafi ƙarancin albashi naira dubu 70 ana ta tafi. Ma'aikaci ya yi wata cur, kuɗinsa bai sayi sanduna uku da 'yan turaku ba.

Namu itatuwan fa? Madobiyar Taraba an yi shekaru ana sare ta ana lodawa a kwantena zuwa Sin, a idon masu kaki da masu shingen hanya, sai a 2018 hukumar duniya mai sa ido kan cinikin itatuwa da namun daji ta dakatar da fitar da ita daga Najeriya. Wa aka ɗaure? Abin da ya rage ana ƙona shi gawayi, tunda gas ya fi ƙarfin talaka. Kowace damina manya su sa babbar riga su dasa bishiya ɗaya a gaban kyamara, kafin sati akuya ta yi kalaci da ita. Dangin madacin nan ake fitarwa daga Afirka a ƙera jikin jita a Turai da Amurka, a dawo mana da ita da dala, ni kuma a nan ba zan samu guntunsa in jingina ta ba.

Yanzu dai na jera bulo huɗu a lungu, na ɗora tsohuwar ƙofar banɗaki, na kwantar da akwatunan a kai ɗaya bisa ɗaya, abin da duk mai jita ya san bai kamata ba. Dubu 25 ɗina na wurin Oga. Da zan tafi ya ɗaga murya ya ce in leƙo ranar Asabar.