Malamin asibitin gidan kaso ba gardi ba ne

Jama'a, in ana maganar gidan kaso a Maradi sai a tsaya ga cunkoso da abinci, ba mai tuna enfirmiye ɗin da ke ciki, alhali aikinshi ya fi na abokinshi na CSI (ƙaramin asibitin gwamnati) wuya nesa ba kusa ba. Shi na CSI mara lafiya ke zuwa da ƙafarshi. Nan kuwa sai gardi ya buɗe ƙofa, sai gardi ya rako, wani sa'in ma yana tsaye bakin ƙofa da bindiga lokacin da ake awo, to ta yaya ɗan kaso zai buɗe baki ya ce ciwon sanyi gare shi ko yana shan maganin sida?

Ka'idojin Mandela kan kula da 'yan kaso da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015 sun faɗi abin dalla-dalla. Ka'ida ta 24 ta ce ɗan kaso ya samu kulawa irin ta wanda ke waje, kyauta. Ta 27 ta ce hukuncin magani na ma'aikacin lafiya ne, wanda ba likita ba bai da ikon soke shi. Amma a Nijar gidajen kaso na ƙarƙashin ma'aikatar shari'a, masu tsaro kuwa 'yan Garde Nationale ne, kenan enfirmiye na iya rubuta a kai mutum babban asibiti cikin dare, a ce mashi babu mota ko babu mai rakiya, a jira safe. Wanda palu ya hau ma kai ba ya jiran safe.

Ni fa ban ce gardawa mugaye ba ne, in ɗan kaso ya gudu a hanya su za a tuhuma, kuma akwai masu ƙaryar ciwo don su sha iska, wannan gaskiya ne. Sai dai gane mai ƙarya aikin wanda ya karanci lafiya ne. Ranar da ya fara kallon duk mai tari a matsayin maƙaryaci, tarin fuka zai gama ɗaki, kuma maganinshi wata 6 ne ba fashi, wanda aka sallama a tsakiya shi zai kai ma iyalinshi a unguwar Zariya ko Bagalam.

Abin da ya fi damuna shi ne horo. Ka'ida ta 46 ta hana ma'aikacin lafiya sa hannu a ladabtar da ɗan kaso, ta 34 kuma ta ce in ya ga alamar duka ya rubuta ya kai rahoto. Ya kai ma wa? Mutanen da yake shan shayi da su kullum, su ke riƙe da makullin ɗakin da yake aiki. Shi ya sa nake ganin ya kamata rahoton nan ya bi ta hannun likitan gundumar lafiya kai tsaye, kuma likitan ya riƙa shigowa da kanshi yana duba rajista.